SANIN DUNIYA: Daga Zongo zuwa wata, ina rabon manomi?

Unguwar Zongo tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Yamai. Sunanta ma ya faɗi asalinta. Zango shi ne inda fatake ke sauke kaya, su huta, su ba da labarin hanya. Saboda haka mutanen Zongo sun saba da jin labarin tafiya mai nisa: ta Kano, ta Gwanja, ta Agadas, ta Makka. Amma a watan Yuli na 1969, radiyo ta kawo labarin tafiyar da babu falken da ya taɓa yin irinta. Aka ce mutum biyu sun sauka a kan wata.

A lokacin babu telebijin a gidajen jama'a. Labari sai ta kunne. Wasu suka yarda. Wasu suka ce tatsuniyar Nasara ce. Wasu kuma suka yi tambaya mai nauyi, suka ce: to, in ma gaskiya ne, me ya ƙaru ga mai gona da mai garke? Wannan tambaya ba ta tsufa ba. Ita ce filin nan zai amsa a wannan karo. Amma sai an fara sanin mutanen da suka yi tafiyar.

Mafarin abin

Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashe biyu suka shiga gasa: Amurka da Tarayyar Sobiyet, wadda aka fi sani da Rasha. Kowace tana so ta nuna ita ce babba. Ran 4 ga Oktoba 1957, Rasha ta harba wani ƙarfe mai kama da babbar ƙwarya, nauyinsa kilo 84. Sunansa Sputnik. Ya yi wata uku yana kewaya duniya. Shi ne tauraron ɗan Adam na farko.

Me ya hana shi faɗowa nan da nan? Yaro mai korar tsuntsu a gona ya san amsar. In ya sa dutse a majajjawa yana juyawa, dutsen yana so ya tsere, igiya tana riƙe da shi. Sai ya yi ta kewayawa. Haka abin yake a sama. Gudu yana so ya fizge kumbo ya tafi da shi, ƙasa kuma tana jawo shi. In ƙarfin biyu ya zo daidai, sai kumbo ya yi ta kewaya duniya. Gudun da ake bukata ya kai kilomita 28,000 a awa guda. Da irin wannan gudu, daga Yamai zuwa Damagaram minti biyu ne.

Ɗan manoma ne ya fara hawa

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Bayan wata takwas, ran 12 ga Afrilu 1961, mutum ya fara hawa sararin samaniya. Sunansa Yuri Gagarin, mutumin Rasha, shekararsa 27. Ba ɗan sarki ba ne. Iyayensa a gonar gwamnati suke aiki. Ubansa masassaƙi ne, uwarsa kuma tatsar shanu take yi. Shi kansa maƙera ya fara koyo, kafin ya zama matuƙin jirgin sama.

Ya kewaya duniya sau ɗaya. Daga tashi zuwa sauka, minti 108 ne. Da ya kusa ƙasa, sai ya fita daga kumbo, ya sauko da laima. Ina ya faɗa? A gona. Wata mata da jikarta suna shukar dankali, ga ɗan maraƙinsu a gefe. Suka ga mutum cikin jan kaya da farar hula mai rufe kai duka. Tsoro ya kama su. Ya ce musu kada su ji tsoro, shi ɗan ƙasarsu ne, waya yake nema ya kira Mosko. Ashe mai gona ce ta fara yi wa ɗan sama jannati na farko barka da sauka.

Gagarin bai daɗe a duniya ba. Ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1968, yana da shekara 34.

Kano ta yi magana da sama

Amurka ta ji kunya da aka riga ta. Ta ƙara himma. Amma tana da matsala. In kumbo ya ba ƙasarta baya, maganarsa sai ta yanke. Don haka ta kafa tashoshin sauraro a wurare dabam-dabam na duniya. Biyu suna Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano.

Ran 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Sau uku ya kewaya, cikin kusan awa biyar. Da ya zo bisa Afirka, sai ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana ganin ƙura ta tashi a ƙasa. Suka amsa masa cewa lalle mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Kowane Bahaushe ya san abin da Glenn ya gani. Hazon hunturu ne. Ranar nan aka tabbata cewa daga sama ana iya ganin halin da ƙasar Hausa take ciki. A riƙe wannan magana, don za a koma kanta.

Glenn ya sake hawa sama a 1998, yana tsoho mai shekara 77. Ya mutu a 2016.

Mace ta hau, wasu ba su dawo ba

Ran 16 ga Yuni 1963, mace ta fara hawa. Sunanta Valentina Tereshkova, ita ma daga Rasha. Ubanta direban tarakta ne. Ita kuwa a masaƙa take aiki. Ta kewaya duniya sau 48, ta yi kusan kwana uku ita kaɗai. A 1965, Alexei Leonov ya buɗe ƙofar kumbo ya fita waje na minti 12, an ɗaure shi da igiya kamar mai gyaran rijiya.

Aikin ba wasa ba ne. A can sama babu iskar shaƙa. Dole mutum ya tafi da tasa, kamar yadda mai shiga Tenere ke tafiya da ruwansa. A watan Janairu na 1967, wuta ta kama cikin kumbon Amurka tun yana ƙasa, ana gwaji. Mutum uku suka mutu: Grissom, White da Chaffee. A watan Afrilu na shekarar nan, laimar kumbon Vladimir Komarov na Rasha ta ƙi buɗewa daidai, ya mutu. A 1971 wasu mutanen Rasha uku suka mutu a hanyar dawowa, don iskar kumbonsu ta zurare. Wanda zai tuna da waɗanda suka yi nasara, ya tuna da waɗannan.

Sauka a kan wata

Ran 25 ga Mayu 1961, shugaban Amurka John Kennedy ya yi alkawari. Ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare, ƙasarsa za ta kai mutum wata, ta dawo da shi lafiya. An kashe Kennedy a 1963, bai ga cikar alkawarin ba.

Tsakanin duniya da wata akwai kilomita 384,000. Raƙumin da ke yin kilomita 40 kullum, sai ya yi shekara 26 a hanya. Kumbon Apollo 11 ya tashi ran 16 ga Yuli 1969 da mutum uku: Neil Armstrong, Buzz Aldrin da Michael Collins. Bayan kwana uku suka isa. Collins ya tsaya cikin babban kumbo yana kewaya wata, kamar mai tsaron kaya a zango. Biyun suka shiga ƙaramin kumbo suka sauka.

Ranar Lahadi ce, 20 ga wata. A agogon Nijar, ƙarfe tara na dare ya ɗan wuce. Damina ce, ana cikin noma, wata kuma bai kai rabi ba tukuna. Wajen ƙarfe huɗu, kafin asubahin Litinin, Armstrong ya taka ƙasar wata.

Me suka tarar? Babu ruwa mai gudu, babu ciyawa, babu mai rai. Sai toka-toka da duwatsu da ramuka. Kome ya yi sauƙin ɗauka, don jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya. Buhun hatsi mai kilo 100, a can kamar kilo 17 yake a kafaɗa. Sun yi awa biyu da rabi a waje, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 21 da rabi. Ran 24 ga Yuli suka faɗo cikin teku lafiya. Aka killace su har 10 ga Agusta, kamar yadda ake ware baƙuwar dabba, don gudun ko sun zo da wata cuta. Ba su zo da kome ba.

Daga 1969 zuwa 1972, mutum 12 suka taka wata. Armstrong kuwa, da ya bar aikin, sai ya koma koyarwa, ya sayi gona a jiharsu ta Ohio. Ya mutu a 2012.

Gaskiya ne ko ƙarya?

Har yau akwai masu shakka. Ga hujja uku. Ta ɗaya: Rasha abokiyar gaba ce a lokacin, tana kuma da na'urorin bin sawun kumbo. Da ƙarya ce, ita za ta fara tona asiri. Ba ta musa ba. Ta biyu: duwatsun da aka kwaso sun kai kilo 382, masana na ƙasashe da yawa sun bincike su. Ta uku: daga 2009, wani kumbo mai kewaya wata ya ɗauko hotunan wuraren da aka sauka. Ga kayan da aka bari, ga hanyar da ƙafa ta bi. Sawun yana nan, don a wata babu iska, babu ruwan sama da za su share shi.

Musulmi ma sun yi aikin nan. Faruk El-Baz, mutumin Masar, yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren da za a sauka a wata. A watan Yuni na 1985, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau sama ya yi mako guda. A 2007, wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya hau cikin watan azumi. Malaman ƙasarsa suka rubuta masa yadda zai yi salla a can. Gani ya kori ji.

To, ina rabon talaka?

A faɗi gaskiya. Ba don talaka aka je wata ba. Gasa ce ta manya. Amurka ta kashe dalar ƙasarta miliyar 25 a kan aikin, wato miliyan dubu sau 25. A shekarun nan kuwa, daga 1968 zuwa 1974, ƙasashen Sahel suna cikin fari. Rumbuna suka ƙare, shanu suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Wanda ya ce an zubar da kuɗi a sama alhali ana yunwa a ƙasa, yana da hujja.

Amma gasar ta bar gado. Ƙarfin da ya kai mutum sama, shi ne ya kai taurarin ɗan Adam masu kallon ƙasa. Su ne rabon manomi.

Wanda ya tashi daga Zongo ya gangara bakin kogi, zai tarar da gadar Kennedy. An buɗe ta a 1970, an sa mata sunan mutumin nan da ya yi alkawarin wata. In ya haye, a can ƙetare akwai cibiyar AGRHYMET. Ƙasashen Sahel suka kafa ta a 1974, saboda farin da ya same su. Aikinta uku ne: noma, ruwa da yanayi. Hotunan taurarin ɗan Adam suna cikin manyan kayan aikinta.

Ga yadda abin ke tafiya. Akwai taurari masu suna Meteosat, an harba na farkonsu a 1977. Suna can nisan kilomita 36,000. Gudunsu ya yi daidai da juyawar duniya, don haka kullum suna fuskantar Afirka. Suna auna sanyin kan hadari. Hadarin da ya yi tsawo, kansa ya fi sanyi, shi ne kuma ya fi zubar da ruwa. Ta haka ake ƙiyasta ruwan da ya sauka, har a dajin da babu ma'aunin ruwa.

Wasu taurari kuma suna auna kore. Bayan damina, ma'aikatan kiwo suna haɗa hotunansu da awon ciyawa da aka yi a daji. Sai a san inda abincin dabbobi zai isa, da inda zai kasa. Farin dango ma haka. Tana hayayyafa inda ruwa ya sauka a hamada, kamar Tamesna da Abzin. Hoto yana nuna inda ya yi kore, sai a aika mota can tun fara ba ta yi fiffike ba. Wanda ya ga ɓarnar fara ta 2004 da yunwar 2005, ya san darajar wannan.

Abu biyu da aka gani daga sama

Na farko ya faru a 1973, ana tsakiyar fari. Hoton wani tauraron Amurka ya nuna wani wuri mai kusurwa biyar a arewa da Filinge. Cikinsa da ciyawa, kewayensa fako. Aka je aka duba. Ashe gandun kiwo ne na Ekrafan, wanda aka kewaye da waya. An raba shi kashi-kashi. Dabbobi su ci wannan kashi, a bar sauran su huta. Ruwan sama ɗaya ne ciki da waje. Bambancin shi ne hutu.

Wasu suka ɗora wa makiyaya laifi. Wannan ba adalci ba ne. Makiyayi ya riga waya sanin hutun ciyawa. Shi ya sa yake hawa arewa da damina, ya gangaro kudu da rani. Ƙasa tana lalacewa ne in an toshe burtali, ko an tara dabbobi a rijiya ɗaya shekara duka. Darasin hoton shi ne: a bar hanyar dabbobi a buɗe, a bar makiyaya ta huta.

Na biyu abin alfahari ne. Daga shekarun 1980, manoman Maradi da Damagaram suka daina sare duk tohon da ya fito a gona. Sai su zaɓi mai ƙarfi, su gyara shi, su bar shi ya girma. Shi ne sassaben zamani. Kowa gonarsa kaɗai yake gani, babu wanda ya san girman abin. Sai da masana suka gwama hotunan 1975 da na 2005. Suka ga itatuwa sun ƙaru a fili mai hekta kusan miliyan 5, itace kusan miliyan 200. Gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ba kumbo ya shuka su ba. Hannun manomi ne. Kumbo shaida kawai ya bayar, duniya ta ji, wasu ƙasashe suka zo koyo.

Ƴan gida ma suna ciki

Aikin sama ba na Nasara kaɗai ba ne. Cheick Modibo Diarra, mutumin Mali, ya yi aiki a hukumar sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Yana cikin waɗanda suka yi aikin kumbon da ya sauka a duniyar Mars a 1997. Najeriya ta sami tauraronta na farko a 2003. A 2020, Dakta Fadji Maina, haifaffiyar Damagaram, ta fara aiki a NASA. Ta tashi a garin da ya san wahalar ruwa, sai ta karanci ilimin ruwa a Maroko da Faransa. Ta yi amfani da awon taurarin ɗan Adam wajen binciken ruwan duniya. Daga lakwal ɗin Damagaram ta fara.

Wani lokaci kuma sama ce ke aiko da kaya. A watan Nuwamba na 2023, aka tsinci wani dutse a jihar Agadas, nauyinsa kusan kilo 25. Bincike ya nuna daga Mars ya fito. Ba a taɓa samun gutsuren Mars mai girmansa a duniya ba. Ya bar ƙasa. Ran 16 ga Yuli 2025 aka sayar da shi a birnin New York, a kan dalar Amurka fiye da miliyan 5, kusan sefa miliyar 3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike don a san yadda ya fita. A watan Agusta na shekarar ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

Abin da ya kamata a yi

Tauraron ɗan Adam ba ya sa ruwa ya sauka. Ruwa na Allah ne. Hasashe kuma yana iya kuskure, musamman a kan gona ɗaya ko gari ɗaya. Amma wanda aka yi wa gargaɗi ya fi wanda aka auka wa.

Saboda haka, kafin damina a saurari hasashen masana a radiyo. In an ce damina za ta yi gajarta, a nemi iri mai saurin nuna. In an ce za a yi ruwa da yawa, masu gona a bakin kogi da fadama su yi hattara. Garin da ke da ma'aunin ruwa, a kula da shi, a rubuta awo kullum, don da shi ake gyara lissafin tauraro. Makiyayin da ya ga fara ta taru a daji, ya gaya wa ma'aikatan gona da sauri. Wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyin da ya fi girmansa, kada ya sayar wa baƙo da arha. Ya kai labari ga hukuma. A kuma sa yara lakwal, maza da mata. Ɗan masassaƙi da ƴar direban tarakta ne suka fara hawa sama.

Mai son ya gani da idonsa, ya duba sama bayan magariba ko kafin asuba. Wani lokaci zai ga haske kamar Zara, amma yana tafiya. Ba ya ƙiftawa kamar fitilar jirgi, ba ya ƙara. Cikin ƴan mintoci ya ratsa sama ya ɓace. Wannan tashar sama ce ta ƙasashen duniya. Nisanta kilomita 400, kamar daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni. Tana kewaya duniya cikin minti 90. Tun watan Nuwamba na 2000 mutane suka fara zama cikinta, wasu su sauko, wasu su hau. A kira yara su gani, a kuma gaya musu sunayen waɗanda suka buɗe hanyar.